Kada Ku Tsallake Allon Kariya: Nasiha ga Samari Masu Haɗa Batirin Litiyam

Ƙannena na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, musamman ku da kuka kama sana'ar haɗa batir a rumfunan gyaran waya da zaurukan gidajenku, da ku nake magana. Zan fara da yabo, domin kun cancance shi. Babu wanda ya buɗe muku aji ya koya muku wannan aiki, matsi ne ya koyar da ku. A 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta tsaurara matakan yaƙi da 'yan bindiga, an rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, an hana sayar da fetur a jarka, an katse layukan waya a ƙananan hukumominmu na tsawon watanni, har shagunan cajin waya aka dakatar. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, janareta ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. A Oktoban 2024 kuma, bayan an lalata babban layin lantarki na Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya samu matsala, galibin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu. Ga kuma ƙauyukan da turken kamfanin lantarki na KEDCO bai taɓa isa gare su ba.

A cikin wannan hali kuka fara sayen matattun batiran laftof a hannun 'yan gwangwan, ko ku yi saƙonsu daga Funtuwa ko kasuwar Farm Centre ta Kano, ku fasa, ku ciro ƙwayoyin ciki, ku jera su a akwati. Da su mai shayi yake samun haske, mai kemis yake kunna fanka, ɗalibi yake karatun dare, iyalin da suka baro ƙauyensu na bakin daji suka shigo gari suke cajin wayar da suke jin labarin 'yan'uwa da ita. Aiki ne mai amfani, ba na fatan kowa ya bar shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ɗan ƙaramin allo da masu sana'a ke kira BMS, wato allon kariya. Wasunku ba sa sa shi tun farko don rage kuɗi. Wasu suna sawa, amma da zarar ya fara yanke wuta sai su tsallake shi, su yi wa batir dairek. Na biyun ya fi tayar mini da hankali, domin batirin ya riga ya sanar da cewa akwai matsala, aka toshe masa baki.

Iyayenmu makanikai da masu gyaran rediyo da batirin mota suka saba, mai dalma da ruwan asid. Shi batir ne mai haƙuri. In an wuce da cajinsa, ruwansa ya tafasa ya ragu, a ƙara masa ruwan batir, ya ci gaba da aiki ko da ƙarfinsa ya ja baya. Wannan haƙurin ne ya sa muka tashi da tunanin cewa batir abu ne da ake jona wa waya biyu, ja da baƙa, shi ke nan. Litiyam ba haka yake ba. Tun da kamfanin Sony ya fitar da shi kasuwa a 1991, kamfanonin kirki ba sa sa shi a cikin na'ura sai da abin da zai tsare shi. Ku da kuke fasa batiran laftof kun fi kowa shaidawa. A gefen ƙwayoyin nan akwai wani siririn allo kore, wayoyi na tafiya daga jikinsa zuwa kowane mahaɗi, har da wata 'yar mitsitsiyar aba manne a jikin ƙwaya tana jin zafinta. Jefar da wannan allon ba laifi ba ne, domin da wuya ya yi aiki a wani haɗin. Laifin shi ne a bar gurbinsa babu komai.

Ya kamata mai sana'a ya san abin da ke cikin abin da yake riƙe. Ƙwayar 18650, wadda kaurinta milimita 18 ne, tsawonta 65, a cikinta akwai dogayen fallayen ƙarfe biyu, ɗaya na jan ƙarfe ɗaya na alminiyam, an shafe su da sinadarai an naɗe su tare. Tsakaninsu akwai wata leda da ta fi gashin kai siranta, duk kuma suna jiƙe da wani ruwan sinadari mai kamawa da wuta. Ledar nan kaɗai ce ta raba fulos da mainos, kuma tana fara narkewa wajen digiri 130. Iyakar cikar ƙwayar bolt 4.2 ne. In aka ci gaba da ɗura mata caji bayan nan, litiyam ya fara daskarewa a fuskar ɓangaren mainos yana fitar da tsini mai iya huda ledar, ɓangaren fulos kuma ya fara rushewa yana sakin zafi da iskar oksijin. Zafin yana hanzarta rushewar, rushewar tana ƙara zafin, har a kai inda babu mai iya tsayar da shi. Ƙwaya ɗaya ta yi tsartuwa da wuta mai ɗaruruwan digiri, ta gasa maƙwabciyarta, ita ma ta bi, haka har ƙarshen akwatin.

Ta ƙasa ma akwai iyaka. Bai kamata a sauke ƙwaya ƙasa da bolt 2.5 ba, gara ma a tsaya a 3. In ta faɗi can wajen 1.5 ko ƙasa, ta daɗe a haka, jan ƙarfen ciki yakan fara narkewa cikin ruwan sinadarin. Ranar da aka sake yi mata caji sai ya koma ya daskare inda bai kamata ba, ya iya haɗa fulos da mainos daga ciki. Shi ya sa ƙwayar da ka ciro ta nuna sifili ko bolt 1, ka yi mata dukan caji ta farfaɗo, ba nasara ka yi ba. Haɗari ka ɗauko ka sa a tsakiyar 'yan'uwanta.

Wani zai ce ai yana da caja mai kyau, mai tsayawa a bolt 12.6 daidai, wanda shi ne 4.2 sau uku, to mene ne amfanin allo? Nan ne nake so ku natsu ku fahimta, domin duk maganar a nan take. In kana son bolt 12, rukuni uku na ƙwayoyi kake jerawa, kan wannan a gindin wancan. A irin wannan haɗin, cajin da ya shiga rukuni na farko shi ne daidai wanda zai shiga na biyu da na uku, babu ragi babu ƙari. Ka ɗauka tuluna uku ne, ɗaya ya fi sauran ƙanƙanta, aka ce wa yaro ya riƙa zuba guga ɗaya-ɗaya a kowanne, kada ya tsaya sai ya ƙirga talatin. Ƙaramin zai cika ya riƙa ambaliya tun manyan ba su kai wuya ba, yaron kuwa lissafinsa daidai yake. In an zo ɗiba ma ƙaramin ne zai fara ƙafewa. Caja jimla kawai take gani. Rukuni ɗaya yana iya zama a kan 4.0, wani 4.1, na ukun 4.5, ka haɗa ka samu 12.6 cif. Caja ta kunna koriyar fitila, mitarka ta nuna lafiya lau, alhali rukuni na uku ya shiga inda ake kamawa da wuta. Kuma da yake ƙwayoyinku na gwanjo ne, daga laftof daban-daban, masu shekaru daban-daban, samun rukunin da ya fi sauran rauni ba tsautsayi ba ne, abu ne da za a sa rai da shi.

Allon kariya shi ne kaɗai yake kallon kowane rukuni shi kaɗai. Siraran wayoyin nan da ake liƙawa a B1 da B2 idanunsa ne. Da zarar wani rukuni ya haura iyaka, ko ya faɗi ƙasa da ita, ko an ja wuta fiye da ƙima, ko waya ta haɗu, sai ya rufe 'yan baƙaƙen makullan nan da ake kira mosfet, wuta ta tsaya. Wasu allunan suna da ƙarin aikin daidaitawa, suna ɗan zubar da cajin rukunin da ya riga sauran cika don su cim masa. In za ka saya, ka nemi mai wannan aikin, ka kuma nemi mai abin jin zafi. Amma ka sani daidaitawar tasa a hankali take tafiya, ba za ta gyara haɗin da aka yi da ƙwayoyi masu bambanci mai yawa ba.

To, ga abin da yake faruwa a rumfa. Mai saye ya dawo ransa a ɓace, ya ce, “Malam, batirin nan naka yankewa yake yi.” Ga mutane a tsaye suna ji. Wani a gefe ya ce, “Allon ne ke da matsala, yi masa dairek kawai.” Kai kuma kana tsoron a ce ba ka iya ba, sai ka ɗauke baƙar waya daga P- na allon ka mayar da ita B-, fanka ta tashi, kowa ya yi murna. Ƙanena, a wannan lokacin babu abin da ka gyara. Matsalar tana nan yadda take, abin da zai tsayar da ita ne ka cire.

In allo ya yanke, ka ɗauko mita ka nemi dalili, kuma dalilan ba su da yawa. Mafi yawa nauyi ne aka ɗora masa fiye da ƙarfinsa. Mutum ya sayi batir don fitila da cajin waya, ya je gida ya jona inbata, ya sa talabijin da firij. Lissafin ba wuya: inbata mai wat 500 in tana aiki da cikakken ƙarfinta a kan bolt 12, tana jan fiye da amfiya 40. Allo mai amfiya 20 dole ya yanke, kuma ya yi daidai da ya yanke. Ko da ka canja shi da mai 60, sai ka tambayi kanka ko ƙwayoyin za su ɗauka. Ƙwayar laftof ba don jan wuta mai nauyi aka yi ta ba, balle tsohuwa. Shawarata kada ka ɗora wa kowace tsohuwar ƙwaya fiye da amfiya ɗaya. Ka ga ke nan amfiya 40 na buƙatar ƙwayoyi arba'in a kowane rukuni, ba huɗu ba.

Wani lokaci kuma batir yana yankewa alhali jimlarsa tana nuna akwai sauran caji. Ka gwada rukunan ɗaya bayan ɗaya yayin da kaya ke jone. Za ka tarar biyu suna tsaye wajen 3.6, ɗaya ya zube ƙasa da 3. Maganinsa a buɗe wannan rukunin a nemo ƙwayar da ta mutu ko liƙin da ya saki. Aikin yini guda ne, na sani, kuma wataƙila ba za a biya ka ladansa ba. Amma in ka yi dairek, rukunin nan za a ci gaba da tatsarsa har ya kai sifili, har ma ya juye, gobe kuma a ɗura masa caji.

Akwai kuma abin da ya sa aka jefar da alluna masu lafiya ba adadi. Yawancinsu in sun yanke saboda ƙarewar caji ba sa buɗewa da kansu, sai an jona musu caja sannan su farka. Yaro ya sa mita a bakin fita ya ga babu wuta, ko ya ga wata lamba marar kan gado, ya yanke hukunci allo ya ƙone. Ka jona caja na ɗan lokaci kafin ka yi masa wannan shaidar. Haka nan in yana yankewa daidai lokacin da ka taɓa wayar inbata, har ka ga tartsatsi, manyan kafasitocin cikin inbatar ne suke zuƙar wuta lokaci guda, allon ya ɗauka waya ce ta haɗu. Ka fara bi da wutar ta cikin ƙwan fitilar mota na 'yan daƙiƙu har su cika, sannan ka ɗaure wayar.

Kuskuren da ke bin wannan a girma shi ne ɗaukar allo a matsayin caja. Allo ba caja ba ne, shinge ne na ƙarshe in komai ya ƙwace. Cajar batirin mota da ƙananan kwantirolar sola da suka cika kasuwa an saita su ne don batirin dalma, suna kai wa wajen bolt 14.4. Raba wannan uku, kowane rukuni zai samu 4.8. Farantin sola na bolt 12 kuwa, in ka jona shi kai tsaye, a buɗe yana haura bolt 20. In ka bar abin haka, kullum rana ta take sai allon ya yanke, yau da gobe har mosfet ɗinsa su gaji. Abin tsoron shi ne mosfet in zai mutu sau da yawa a haɗe yake mutuwa, wato wuta ta ci gaba da wucewa. Batir yana aiki, kowa na ganin lafiya, alhali babu sauran mai tsaro. Don haka ka sami caja mai 12.6 ga haɗin uku, ko kwantirolar da za ka iya saita iyakarta da hannunka, har ka ɗan rage ta zuwa 12.3 ko 12.4 don ƙwayoyin su daɗe. Lokaci zuwa lokaci kuma ka riƙa bin rukunan da mita sa'ad da caji ke gab da cika.

Wanda jarinsa ya ɗan yi ƙarfi, ina ba shi shawara ya koma litiyam mai fosfet, wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa. Ƙwayarsa 3.2 ce, iyakarta 3.65, huɗu a jere suna ba da 12.8, su cika a 14.6, wanda ya fi dacewa da inbata da kayan sola na bolt 12. Ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, ya fi daɗewa. Shi ma dai da allonsa, kuma nasa daban ne. In ka sa masa allon ƙwayoyin laftof, ba zai yanke ba sai an haura 4.2, ƙwayar kuwa ta daɗe da wuce iyakarta. Kafin ka biya kuɗin allo ka karanta abu uku a jikinsa: nau'in litiyam ɗin, yawan jere, wato 3S ko 4S, da amfiya. Lambar amfiya da ake bugawa a allunan araha sau da yawa cika baki ce, don haka ka sayi wanda ya ninka buƙatarka.

Wajen haɗawa, ka cire fulogin siraran wayoyin daga allon kafin ka fara liƙi. Ka fara da babbar wayar B- zuwa gindin batir. Ka liƙa siraran bi da bi daga ƙasa zuwa sama, sannan ka sa baƙin tsinken mita a ta farko ka bi sauran da ja. Lambobin su hau kamar matakala, wajen 3.7, sai 7.4, sai 11.1. In ka ga tsalle ko komawa baya, ka saɓa waya, kuma in ka cusa fulogin a haka allon zai ƙone nan take. Caja da kaya duka ta gefen P- za su bi, ko C- ga caja in allon yana da ita. Akwai batiran da in ka buɗe za ka ga allo a ciki tsaf, amma an ɗauki wuta daga B-, allon ado kawai yake yi. Ka ƙara fiyus a jar waya kusa da batir, domin ranar da allo ya gaza shi ne zai tsinke. Masu haɗa fitila ko fawa-banki da ƙwaya ɗaya kuma su lura, ɗan allon nan na TP4056 iri biyu ne. Mai kariya yana da ƙarin ƙananan abubuwa biyu, DW01 da 8205A, yana kuma da wurin OUT daban da wurin B. Ɗayan caji kawai ya iya. Ko wanne ne, ba a amfani da shi a haɗin jere.

Zan zama na rage muku gaskiya in na bar ku da tunanin cewa sa allo ya gama komai. A Janairun 2013, batirin jirgin sama ƙirar Boeing 787 ya kama wuta a filin jirgin Boston, bayan 'yan kwanaki wani ya yi saukar gaggawa a Japan saboda batirinsa, aka dakatar da duk jiragen wannan ƙira har zuwa Afrilu. Binciken na Boston ya nuna haɗuwa ce ta faru a cikin ƙwaya ɗaya ta bazu zuwa sauran. A 2016 Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 gaba ɗaya daga kasuwa saboda aibin da ke cikin ƙwayoyin batirinta. Duk waɗannan suna da kariyar da ta fi duk wadda za mu iya saya. Allo yana yanke wutar da ke bi ta waya ne, ba shi da iko a kan abin da ya tashi daga cikin ƙwaya. Kuma ƙwayoyi goma da ka haɗa gefe da gefe a rukuni guda, a wurinsa ƙwaya ɗaya ce. In ɗaya ta lalace a ciki, tara ɗin za su juye mata wutarsu, shi bai gani ba.

A birnin Niyu Yok na Amurka, mutum 18 ne gobarar batirin litiyam ta kashe a 2023, galibi daga batiran kekuna da babura masu lantarki, kuma a shekarar ne birnin ya kafa dokar hana haɗa batir da ƙwayoyin da aka ciro daga tsofaffin batira. Ba ina cewa mu kwaikwayi dokarsu ba, halinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Amma ya kamata ku san cewa aikin da kuke yi, a wani wurin an gan shi da haɗarin da ya kai a haramta shi. Wanda ya zaɓi ya yi shi, tantance ƙwaya ta zama wajibi a kansa. Duk wadda ta lotsa, ko ta yi tsatsa, ko take wari, ko ta zo ƙasa da bolt 2, ka ware ta. Wadda ta yi zafi a lokacin caji ka ware ta. Sauran ka cika su, ka rubuta lambar kowace a jikinta, ka ajiye mako biyu ka sake gwadawa, wadda ta zube da kanta ba ta shiga haɗi. Ka sayi na'urar auna ƙarfi, ka raba su yadda jimlar kowane rukuni za ta yi kusa da ta ɗan'uwansa, kuma kada ka haɗa biyu gefe da gefe sai bolt ɗinsu ya zo ɗaya. Sababbin da ake rubuta wa 9900mAh kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Ƙwayar 18650 ta ƙwarai galibi ba ta wuce wajen 3500, nauyinta kuma wajen giram 45 ne. Ta jabu kana ɗagawa za ka ji ta sakayau. Araha dai ba ta ado.

Ka kuma lura da rigar ƙwaya. Duk gwangwanin jikinta mainos ne, har zuwa kafaɗar da ke zagaye da hular fulos, ratar da ke tsakaninsu kuwa 'yar kaɗan ce. In ledar ta yage a wurin, ƙarfen haɗi ko ɗigon dalma zai iya haɗa su, kuma wannan haɗuwar a bayan allo take, ba zai iya yanke ta ba. Ka sake wa ƙwayar riga, ka manna zoben takarda a kanta. In da hali ka sayi injin walda na tabo, ko ku haɗa kuɗi ku uku ku saya. In dole sai ƙarfen liƙi, ka kankare wurin, ka yi da ƙarfe mai zafi sosai cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ka ɗaga, domin daɗewa a kai yana kai zafi ga ledar ciki.

Sai maganar zafin ƙasarmu. Masu ƙera waɗannan ƙwayoyi yawanci sun ƙayyade kada a yi musu caji a sama da digiri 45. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, inuwa ma takan kai wajen 40, to ina ga cikin kwantena ko ƙarƙashin kwano da azahar, lokacin da sola ke turo caji da duk ƙarfinta? Batir ya zauna a ƙasa, a inuwa, inda iska ke ratsawa, ba a kan katifa ba, ba kusa da galan ɗin fetur ba, ba a ɗakin da aka tara auduga ko harawa ba. Abin da ya fi damuna shi ne ɗakin kwana. Saboda halin tsaro, mutanenmu yanzu suna kwana ne a kulle, ƙofar ƙarfe da sakata, taga da rodi. Ɗaki mai ƙofa ɗaya in batir ya tashi a bakinta, babu mafita. Ka gaya wa duk wanda ka sayar wa kada ya ajiye shi a bakin ƙofa, kada kuma ya bar shi a caji ya yi barci.

In aka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ko huci, ko akwatin ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, a cire caja nan take. In bai fara hayaƙi ba, a ɗauke shi da shebur a kai tsakar gida a kan ƙasa, nesa da zana. In ya fara, a fitar da mutane tukuna, domin hayaƙin guba ne. Bayan an raba shi da wutar lantarki, ruwa mai yawa shi ne ya fi sanyaya shi ya hana sauran ƙwayoyin kamawa. Yashi yana tare harshen wuta amma ba ya kashe zafin ciki. Ko ya mutu a bar shi a waje kwana guda, don yakan sake tashi bayan sa'o'i.

Na san kasuwa. Na kusa da kai yana sayar da nasa da rahusa saboda babu allo a ciki, mai saye kuma ba ya ganin cikin akwati, farashi kawai yake ji. Amma rashin ganin nasa shi ne ya mayar da abin amana a wuyanka. Kai ka san abin da ke ciki, shi bai sani ba, kuma ba kai za ka kwana kusa da batirin ba, shi ne da matarsa da 'ya'yansa. Kuɗin allo ƙaramin kaso ne na kuɗin batir. Ka buɗe akwatin ka nuna masa, ka ce ga abin da ya sa nawa ya fi tsada. Ka rubuta a jikin akwatin irin cajar da ta dace da shi da iyakar kayan da zai ɗauka, da boko ko da ajami, yadda mai shi zai iya karantawa. Ka ce masa in ya yanke ya dawo maka da shi, kada ya kai wa wanda zai yi masa dairek. Wanda ya dage sai marar allo, ka ba shi haƙuri ya nema a wani wurin. Ku kuma da kuke da yara masu koyo a ƙarƙashinku, kada batirin da yaro ya haɗa ya fita daga rumfa sai kun bi rukunansa da mita da hannunku.

Ƙwayoyin da kuka ware ma suna da haƙƙi a kanku. Kada ku zuba su a aljihu ko gwangwani tare da kusoshi da makullai. Ku naɗe kawunansu da salatif, ku tara su a bokitin ƙarfe mai yashi a wajen rumfa. Kada su shiga bola, domin bolarmu ƙona ta ake yi, ƙwayar da ta ji wuta kuwa fashewa take yi ta yi tsalle. Yara kuma suna tsintarsu, su haɗa da 'yar waya da ƙwan tocila, wasu har su sa guduma don ganin abin da ke ciki. In za ku sayar wa 'yan gwangwan, ku gaya musu ko mene ne, kada su haɗa su cikin ƙarafan da za a daddatse ko a narka.